Tarihin Gunpei Yokoi, Mai Gyaran Injin Karta Da Ya Ƙero Game Boy

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana harkar kayan lantarki na gwanjo a babbar kasuwar Garwa, ko Marwa, ko kuma Mubi da Yola a tsallaken iyaka, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wata 'yar na'ura mai ruwan toka a ƙasan kwali ba. Girmanta bai wuce tafin hannun babban mutum ba, tana da ɗan gilashi mai ruwan ganye a sama, da maɓallai biyu masu ja-ja a dama, sai wani baƙin maɓalli mai siffar alamar tarawa ta lissafi a hagu. Sau da yawa akan ture ta gefe a matsayin tarkacen yara, ko a ba da ita gyara ga wanda ya sayi rediyo. Amma idan aka sa mata ƙananan batura huɗu aka zura mata kaset, sai ka ji ta yi 'yar ƙara ta tashi, alhali an ƙera ta tun kafin a haifi yawancin yaran shagon.

Sunan wannan na'ura Game Boy, kuma a yau akwai mutane a Turai da Amurka da Japan da ke neman irinta ruwa a jallo, suna tara ta, suna buga wasanni a kanta kamar yadda aka buga su shekaru 35 da suka wuce. Mutumin da ya jagoranci ƙera ta shi ne marigayi Gunpei Yokoi, wani injiniya ɗan ƙasar Japan wanda ya rasu a shekarar 1997. Tarihinsa ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin duk rayuwarsa ya yi ta ne a kan tambayar da kowane mai shago ke fama da ita kullum, wato wane kaya ne mai saye zai iya biya, ya yi amfani da shi a halin da yake ciki, sannan ya dawo ya sake saye.

Haihuwarsa da shigarsa Nintendo

An haifi Gunpei Yokoi ranar 10 ga watan Satumba, 1941, a birnin Kyoto, tsohon babban birnin Japan. Ya yi karatun fasahar lantarki a Jami'ar Doshisha da ke wannan birni, kuma da ya kammala a shekarar 1965 sai ya sami aiki a kamfanin Nintendo. Mai karatu kada ya ɗauka Nintendo na wancan lokaci shi ne wanda aka sani a yau. Ƙaramin kamfani ne na buga karta, wanda Fusajiro Yamauchi ya kafa tun 1889 don yin wata irin karta ta gargajiyar Japan mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Aikin da aka ɗauki Yokoi shi ne kula da injinan da ke buga kartar, ya duba wayoyin wuta, ya gyara abin da ya lalace.

A lokacin kamfanin na cikin halin ni-'ya-su. Kasuwar karta ta ja baya, shugaban kamfanin kuma, Hiroshi Yamauchi, wanda ya karɓi ragama tun 1949 yana saurayi, ya gwada sa'arsa a harkar tasi da ta shinkafar da ake dafawa nan take, duk ba su kai shi ko'ina ba. Shi kuwa sabon mai gyaran, da yake injinan ba kullum suke lalacewa ba, sai ya riƙa ƙera 'yan abubuwan wasa da guntayen kayan da ke ɗakin aikinsa don rage zaman banza.

A shekarar 1966 Yamauchi ya shiga zagayen masana'antar ya tarar da shi yana wasa da wani hannu da ya haɗa, wanda idan ka matse ƙarshensa sai ya miƙe ya cafko abin da ke nesa. Aka kira Yokoi ofishin shugaba, ya tafi yana zaton faɗa za a yi masa kan wasa a bakin aiki, sai ga shi an umarce shi da ya gyara abin ya zama na sayarwa. Aka fito da shi da sunan Ultra Hand, aka sayar da sama da guda miliyan ɗaya. Daga nan aka ɗauke shi daga gadin injin aka ba shi sashen ƙirƙiro kayan wasa.

Bindigar haske da bashin da ta jawo

Cikin 'yan shekaru Yokoi ya fito da abubuwa da dama. Akwai Ultra Machine, injin da ke jefo wa yaro ƙwallo ya doka, akwai kuma Love Tester na 1969, wata 'yar na'ura da mutum biyu ke riƙewa ta nuna wai ƙarfin soyayyarsu, alhali abin da take aunawa shi ne yadda wuta ke ratsa fatar hannu. Wannan na'ura ta nuna halinsa tun da wuri, domin abin da ke cikinta tsohon ma'aunin lantarki ne da kowane mai gyaran rediyo ya sani, shi dai ya ba shi sabon aiki ne kawai.

A 1970 ya haɗa kai da wani injiniyan kamfanin Sharp mai suna Masayuki Uemura, wanda ya zo tallar 'yan faranti masu jin haske, suka yi bindigar wasa da ke harba haske maimakon harsashi. Uemura daga baya ya bar Sharp ya dawo Nintendo. Ganin karɓuwar bindigar ya sa kamfanin ya faɗaɗa abin a 1973, ya kafa manyan wuraren harbi a cikin wasu gidajen wasa da aka daina amfani da su. Ana cikin haka sai rikicin man fetur na wannan shekara ya afka wa duniya, tattalin arzikin Japan ya girgiza, masu odar kaya suka janye, Nintendo ya wayi gari da bashin biliyoyin yen a wuyansa. Wanda ya taɓa loda kaya da kuɗin bashi sannan aka rufe iyaka kafin motar ta iso, ya san irin wannan dare. Shekaru kamfanin ya yi yana jan wannan bashi.

Mutumin cikin jirgin ƙasa

Abin da ya fitar da Nintendo daga ramin ya faro ne a cikin jirgin ƙasa. Kamar yadda Yokoi ya bayar da labari da kansa, wata rana yana tafiya ya hangi wani ma'aikaci da gajiyar hanya ta ishe shi, yana ta danna maɓallan kalkuletarsa ba don wani lissafi ba, don dai ya kashe lokaci. Sai ya yi tunanin cewa in dai babban mutum zai yi wasa da kalkuleta, to zai sayi 'yar na'urar wasa da za ta shige aljihu ya buga a ɓoye. Ya sami damar faɗa wa Yamauchi wannan tunani ne ranar da direban shugaban bai zo ba, aka sa shi ya tuƙa shi zuwa wani taro, a wurin taron kuma Yamauchi ya yi maganar da shugaban kamfanin Sharp.

A wancan lokaci kamfanonin Japan sun yi ta gasar ƙera kalkuleta har kasuwa ta cika, farashin gilashinta da ƙwaƙwalwarta ya faɗi warwas. Waɗannan kayan da suka yi kwantai su Yokoi ya ɗauka. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, aka fito da Game & Watch ta farko mai suna Ball, wasa ɗaya tak a ciki, da agogo, tana aiki da batirin agogo. Tsakanin 1980 da 1991 an yi kusan iri 60, an sayar da guda miliyan 43.4 a duniya, kuɗin kuma ya biya bashin kamfanin har da rara. Karɓuwarta ta kai har a Tarayyar Sobiyat aka riƙa kwaikwayonta da sunan Elektronika.

A cikin wannan jerin ne, a 1982, Yokoi da mutanensa suka fito da maɓallin nan mai siffar alamar tarawa, wanda babban yatsa ɗaya ke juya shi sama da ƙasa, hagu da dama. Sun yi shi ne saboda sandar tuƙi irin ta manyan akwatunan wasa ba za ta bari na'urar ta rufu ta shiga aljihu ba. Shi ne aka ɗora a hannun Famicom, na'urar talabijin da Uemura ya ƙera a 1983, wadda jabunta masu kaset ruwan ɗorawa suka cika kasuwanninmu daga baya. Duk hannun gem ɗin da ka gani a gidan gem a Garwa yau, ko na PlayStation ne, za ka tarar da jikan wannan maɓalli a gefen hagu.

Har ila yau Yokoi ne aka ɗora wa alhakin kula da wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, lokacin da aka ba shi aikin ƙirƙiro wasan da zai ceci wasu akwatunan da suka ƙi sayuwa a Amurka. Wasan shi ne Donkey Kong na 1981, a cikinsa kuma aka fara ganin ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula da aka sa wa suna Mario. Sashen Yokoi ne kuma ya yi Metroid da Kid Icarus a 1986.

Dabararsa

Yokoi yana da wata ƙa'ida da ya shahara da ita, wadda za a iya fassara ma'anarta da neman sabuwar hanya ga fasahar da ta riga ta tsufa. A ganinsa sabuwar fasaha tana da tsada, ba a gama sanin cututtukanta ba, kuma kamfani ɗaya ko biyu ne ke da ita, su ne masu yanka farashi. Tsohuwar kuwa an san duk inda take ciwo, masu yin ta sun yi yawa, ana samun ta da araha. Saboda haka aikin mai ƙira shi ne ya zauna ya yi tunanin wani amfani da ba a taɓa yi da ita ba. Ya kan ja kunnen matasan injiniyoyi cewa burinsu na nuna gwaninta shi ke sa su cusa wa kaya abin da mai saye bai nema ba, sannan a ɗora masa kuɗin.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a bakin Binuwai. Dalilin da ya sa ɗan acaɓa ke zaɓen mashin ɗin da kowane bakanike daga Gidar zuwa Figil ya san cikinsa, kuma ake samun kayan gyaransa a kowace kasuwar ƙauye, shi ne dai dalilin Yokoi.

Game Boy da abokan gasarta

Babbar jarrabawar wannan ƙa'ida ta zo ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da sashensa, tare da mataimakinsa Satoru Okada, suka ɗauki aikin na'urar hannu da za a riƙa canja mata kaset. A lokacin an riga an iya yin ƙaramin gilashi mai kala, kuma da yawa a cikin kamfanin suna ganin abin kunya ne a fito da na'ura marar kala. Yokoi ya kafe. Hujjarsa ita ce gilashi mai kala sai da fitila a bayansa, fitilar kuma ita ke shanye batir. Aikin ya kusa rushewa lokacin da Yamauchi ya riƙe samfurin farko ya kasa ganin hoton sosai, sai da Sharp ya kawo wani irin gilashin da ya fi shi aka ci gaba.

An fito da Game Boy a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, a kan yen 12,500, sannan a Amurka a ƙarshen Yuli a kan abin da bai kai dalar Amurka 90 ba, Turai kuma ta same ta a 1990. Gilashinta launi huɗu kawai yake nunawa, daga mai haske zuwa mai duhu, ƙwaƙwalwarta kuma daga dangin waɗanda aka sani ne tun shekarun 1970. A Amurka da Turai an haɗa ta da kaset ɗin Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko, wanda ya sa manya ma suka riƙa saye. Wannan wasa ne ake kwaikwaya a 'yan na'urorin roba na China da ake kira Brick Game, masu alkawarin wasa 9999 a jikinsu, waɗanda aka sayar da su a kan tebura daga Kusiri har Ngaundere.

Abokan gasa ba su yi barci ba. Kamfanin Atari ya fito da Lynx a 1989, Sega kuma ya fito da Game Gear a 1990, dukansu masu kala da fitila, duk wanda ya gan su a kanti zai ce sun fi Game Boy kyau nesa ba kusa ba. To amma ga lissafin. Game Gear batura shida take ci, su ƙare cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy batura huɗu take ci, su kai ta awa 15, wani lokaci har kusan 30. Ke nan kafin yaro mai Game Boy ya canja batir sau ɗaya, uban mai Game Gear ya sayi batura wajen 24, ga shi kuma tun farko ya biya kusan dalar Amurka 150 wajen sayen na'urar. Mu da muka san yadda ake rabon wuta idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar abin da ke riƙe batir ba.

Sakamakon ya fito fili. Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10, Lynx ko kusa da haka ba ta kai ba, Game Boy kuwa, idan aka haɗa da ƙanwarta mai kala da ta fito a 1998, an sayar da guda miliyan 118.69. Ƙarfin jikinta ma ya zama abin labari. Akwai wadda ta ƙone a wani barikin soja lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, robarta ta narke ta yi baƙi, amma ta ci gaba da aiki, har aka yi shekaru ana nuna ta a kantin Nintendo da ke birnin New York tana buga Tetris. A 1993 kuma ɗan sama jannatin Rasha Aleksandr Serebrov ya tafi da tasa tashar sararin samaniya ta Mir ya dawo da ita lafiya.

Faɗuwar Virtual Boy

Duk gwanin kasuwa yana da ranar da ya sari kayan da suka zauna masa. Ta Yokoi ta zo ne a 1995 da wata na'ura mai suna Virtual Boy, wadda ake kafawa a kan tebur mutum ya cusa fuskarsa a ciki kamar mai leƙen tabarau, ya ga hoto mai zurfi kamar zai taɓa shi. Don a rage kuɗi, launi biyu kawai aka sa mata, ja da baƙi. Masu bugawa suka riƙa kukan ciwon kai da gajiyar ido da ciwon wuya, ba ta shiga aljihu, ba a iya ganin abin da mai wasa ke yi balle aboki ya yi sha'awa, farashinta ya kusa dalar Amurka 180, sannan batura shida take ci su ƙare cikin 'yan awanni. Wato duk laifin da ya kayar da abokan gasar Game Boy sai ga shi a jikin kayan Yokoi.

An kuma fito da ita cikin gaggawa, domin hankalin kamfanin da ƙwararrunsa sun koma kan babbar na'urar Nintendo 64 da ake shiryawa. An fara sayar da ita a Japan a watan Yulin 1995, kafin ƙarshen shekarar an daina, a Amurka kuma aka daina a 1996, ba ta ma isa Turai ba. Wasanni 22 kacal aka yi mata, abin da aka sayar kuma bai wuce guda 770,000 ba. Ga mutumin da ya saba da lissafin miliyoyi, wannan babban abin kunya ne, kuma a gaban idon duniya ya faru.

Bai tafi a kan wannan faɗuwa ba. Ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, wadda ta fi ta farko ƙanƙanta da kyan gilashi, tana aiki da ƙananan batura biyu, aka fito da ita a watan Yulin 1996. A farkon wannan shekara kuma wasan Pokémon ya fito ya sake tayar da kasuwar tsohuwar na'urar da wasu suka ɗauka ta gama yayi. Ranar 15 ga Agusta, 1996, Yokoi ya ajiye aiki bayan shekara 31. Jama'a da dama sun ce Virtual Boy ce ta kore shi, amma shi ya musanta haka, ya bayyana cewa tun da daɗewa yake da niyyar barin aiki idan ya kai shekara 50 don ya kafa nasa, jinkiri ma ya yi.

Rasuwarsa

Ya kafa ƙaramin kamfaninsa mai suna Koto a Kyoto, ya shiga aiki da kamfanin Bandai kan wata sabuwar na'urar hannu. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, yana cikin mota tare da wani abokin harkarsa a kan babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa, sai motarsu ta bugi bayan wata babbar mota. Hatsarin bai yi muni ba, suka fito don duba ɓarnar, sai wata motar da ke wucewa ta kwashe shi. An garzaya da shi asibiti, inda ya cika bayan kamar awa biyu, yana da shekara 56.

Na'urar da ya bari a kan aiki ta fito a watan Maris na 1999 da sunan WonderSwan, marar kala, tana aiki da batir ɗaya tak na tsawon awanni masu yawa, aka kuma sa wa ɗaya daga wasanninta na farko suna Gunpey don tunawa da shi. A 2003 taron masu ƙera wasanni na duniya ya ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa. Nintendo kuma ya ci gaba da bin hanyarsa, domin DS ta 2004 mai gilashi biyu da ke rufewa kamar littafi siffar tsohuwar Game & Watch ta ɗauko, an kuma sayar da sama da miliyan 150. A gidan tarihin da kamfanin ya buɗe a garin Uji a watan Oktoban 2024, a tsohuwar masana'antarsa ta karta, an tanadi wurin da baƙi ke wasa da sabon samfurin Ultra Hand.

Abin da ya bari a cikin kwalayen gwanjo

Yau ana iya buga duk waɗannan wasanni a wayar hannu, amma masu tara tsofaffin na'urori sun fi son su riƙe ta asali, da nauyinta da ƙarar maɓallanta da kaset ɗinta, kamar yadda mai son tsohuwar Marsandi ba ya yarda da hotonta. Da yake an daina ƙera su, kullum raguwa suke yi, farashin masu lafiya kuma yana tashi. Virtual Boy da ta kunyata mai ita tana cikin waɗanda ake nema, saboda ƙarancinta. A 2021 an sayi wani kaset ɗin Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba a kan dalar Amurka miliyan 2, wato sama da sefa biliyan ɗaya, kodayake kasuwar irin waɗannan ta sauko daga baya, kuma kaset ɗin da ya sha hannu ba ya ko kusa da wannan kuɗi. Tun bayan karya darajar sefa a watan Janairun 1994, da sabon kaya ya ninka kuɗi, kayan gwanjo na Turai suke kwarara ta Duwala da Kwatano zuwa arewa, don haka ba abin mamaki ba ne a tsinci irin waɗannan a cikinsu.

Wanda ya tsinci ɗaya, ya juya bayanta, ta farko tana ɗauke da lambar DMG-01. Ya buɗe gidan batir ya duba, domin babban abin da ke kashe su shi ne batirin da aka manta a ciki ya yi ruwa ya cinye ƙarafa, mai gyaran rediyo kuma yana iya kankarewa ko ya canja su. Idan aka kunna ta da kaset mai kyau, sunan Nintendo zai sauko daga sama sannan ta yi ƙara. Idan baƙin layi ya sauko ko rubutun ya dagule, yawanci bakin kaset ɗin ne ya yi datti, sai a goge da auduga da ɗan sifirit, a daina hura masa iska da baki, domin damshin numfashi tsatsa yake jawowa. Layukan tsaye da ke ɓacewa a gilashi ma suna gyaruwa a hannun wanda ya iya aikin dalma.

Kaset na asali akwai 'yar lamba da aka danna a jikin takardarsa wadda ake gani idan aka karkata shi ga haske, kuma duk wanda aka rubuta wa wasa 50 ko 100 a ciki jabu ne. Masu ajiye inda mai wasa ya tsaya, irin su Pokémon, suna da ɗan batir kamar na agogo a ciki, wanda galibinsu sun mutu yanzu, ana kuma canja shi. Kwali da takardar bayani, in an same su, kada a yar, domin suna ƙara kuɗi sosai. Sannan a kiyaye ta daga rana, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana ƙona gilashin idan aka shanya ta a kan tebur, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramin kaset. A cire batir, a naɗe ta a tsumma, a ajiye a inuwa har mai nema ya zo.